Rasuwar 'Yar Toka, Uwar Munanan Dodanni

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da aljihun gaba wanda ya wayi gari fayau, ni Sammani na layin masu injin shinkafa a Kura, a madadin kaina da 'yan majalisarmu ta bakin shagon Abdulsamad mai cajin waya, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Kura da Bunkure da Kadawa, har da na Madobi in labari ya kai can, rasuwar na'urar gem ɗina ta hannu, wadda aka fi sani da 'Yar Toka. Ta rasu ranar Talatar da ta wuce, a wannan kaka ta 2006, bayan gajeriyar jinya da doguwar dahuwa. Bayanin dahuwar yana tafe. Ina roƙon jama'a su riƙe dariyarsu har mu isa wajen.

Ba a san shekarun marigayiya ba, domin 'yar gwanjo ce. Yayana Muhammadu Sani, direban motar tumatir, shi ya taho da ita daga Legas shekarun baya, tare da 'yar uwarta mai launin shuɗi. Abdulsamad ya riga ni kai hannu, ya ɗauke Shuɗiya mai sheƙi. Ni na tashi da mai launin toka, mai tabo a gilashi, wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba. Kowace ta zo da kaset ɗaya, kuma wasan iri ɗaya ne: ka shiga daji ka kama ƙananan dodanni, ka yi kiwonsu har su girma, sannan ka kara su da na wasu. Rubutun da ke ciki kuwa babu wanda ya iya karanta shi a faɗin Kura. Mun kai wa Malam Dattijo, dattijon layinmu da ke karanta boko da ajami, ya duba, ya juya ta ƙasa ya sake dubawa, ya miƙo mana yana cewa, “Wannan sai masu shi.” Saboda haka duk dodon da muka kama, mu ne muke raɗa masa suna.

Wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa jiran a kawo wuta ba. Batir biyu ne abincinta, kuma ko sun yi sanyi, in ka shanya su a kan kwano suka sha rana, sai ta karɓa ta ƙara maka tafiya ba tare da ƙorafi ba. 'Yar gidan mutunci ce, ba ta da fitila a fuska, da magariba ta yi sai ta rufe ido, ba a taɓa ganinta tana yawon dare ba. In ka kunna ta da safe takan gaishe ka da murya ɗaya, “tirin-tin”, ko jiya ka yar da ita a kan kunya, ko ka zauna a kanta. Da ita na yi gadin tsuntsu a gonar shinkafa damina bayan damina, hannu ɗaya a igiyar gwangwanaye ina korar jan-baki, ɗaya hannun a kan maɓallanta. Wanda bai taɓa yini a rumfar gadi shi kaɗai ba, daga shi sai rana sai tsuntsu, ba zai san girman wannan zumunci ba.

Amma halinta da ya fi kowane girma shi ne ba ta ƙyamar 'ya'ya. Marigayiya ta bar 'ya'ya da dama a cikin kaset ɗinta, kuma tunda a gaban gawa muke, gara a faɗi gaskiya, babu kyakkyawa ko ɗaya a cikinsu. Akwai Tiyo, dogo siriri mai fuska a kowane ƙarshe, fuskokin nan biyu duk a murtuke. Akwai Ƙwarya, wadda aka kifa a kan ƙafafun kaza, har yau ba a ga idonta ba. Akwai Silifa mai haƙora uku. Sannan babban ɗa, magajin gida, Buhu.

Wanda bai taɓa ganin Buhu ba, ya tuna buhun taki da aka manta a gona ruwan sama ya kwana a kansa. Ba shi da wuya. Ido ɗaya yana sama, ɗayan ya gangaro kamar zai faɗo. Bakinsa a gefe yake, wajen ɗinki. Ƙafafunsa gajeru ne, in yana tafiya jan jiki yake yi. In aka kira sauran dodanni fage sukan shigo da kururuwa har gilashi ya girgiza, shi kuwa abin da marigayiya ke fitarwa a madadinsa shi ne “buf”, daidai ƙarar da kake ji in ɗan dako ya sauke kaya. A wata fadama ta cikin wasan na tsince shi. Abdulsamad ma ya taɓa kama irinsa, ya dube shi sau ɗaya ya sake shi daji, wai kar ya ɓata masa garke.

Garken Abdulsamad kuwa, ai sai kallo. Duk masu fuka-fukai ne da geza da wutsiya mai walƙiya. Shugabansu wani dogon wuya ne mai ƙahon zinariya da muke kira Ɗan Gayu, in ya shigo fage sai ya juya sau biyu don kowa ya gan shi. Ban taɓa cewa Ɗan Gayu ba shi da kyau ba. Abin da na ce, kuma na maimaita har makogwarona ya bushe, shi ne Buhu ma yana da nasa.

A kan wannan magana na sha baƙar wuya a majalisa. Wani ya ce wanda ya zana Buhu bai karya ba ranar. Wani ya ce ƙarshen wata ne, tawada ta ƙare, aka ce ya zana abin da ya sawwaƙa. Aka koma kirana Baban Buhu, har masu acaɓa da ba su san kan zancen ba suka ɗauka. In na wuce sai wani ya saki “buf” da baki, a kwashe da dariya. To, yau marigayiya ba ta nan, kuma ba a katse mai ta'aziyya, don haka zan faɗi hujjojina daga farko har ƙarshe, abin da ba a taɓa bari na yi ba.

Zana dodo mai fuka-fuki da wuta a baki ba aiki ba ne. Ba kowane yaro alli ka gani, shi zai fara zanawa. Amma mutum ya dubi buhu, abin da kowa ke takawa ya wuce, ya ga hali a jikinsa, ya ba shi ido da baki da taurin kai, wannan sai wanda ya iya kallo. Ina da yaƙinin mai zanen nan, ko a wace ƙasa yake, ya taɓa ɗaukar kaya a ka. Kuma ku gwada wannan: ku rufe ido ku kawo mini surar dodannin Abdulsamad ɗaya bayan ɗaya. Za su cakuɗe muku, duk geza ce da ƙyalli, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Amma waye a cikinku ya manta fuskar Buhu? Ku da kuke zaginsa kun fi kowa riƙe kamanninsa.

Sannan ku leƙa kanal ɗin da muke ban-ruwa da shi. Tarwaɗa tana da kyau? Ga gashin baki, ga faffaɗan kai, ga santsi. Wa ya taɓa ture kwanon farfesunta? Ku je Kwanar Gafan lokacin tumatir ku ga yadda ake tsince masu sumul a cika kwando a tura Legas, a bar mana karkatattu masu ƙusumbi. Da waɗanne ake yin miyar da kuke siɗe hannu a kanta? Hammadu, Bafulatanin da ke kawo shanunsa cin karan shinkafa bayan girbi, shi kaɗai ya taɓa tsaya mini. Na nuna masa Buhu a bakin gona, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Wannan zai yi juriya. Saniyar da baƙi ke yabo ba ita ke cika ƙwarya ba.” Na kai wannan magana majalisa da zafinta, aka ce Hammadu bai san gem ba.

Hujjar da ta fi yi mini nauyi daga bakin Abdulsamad ta fito, kuma ba zan ɓoye ta ba don ta saɓa wa tawa. Ya ce, “Haba mutumina. Na buɗe ido in ga buhu, in fita in ga buhu, gidanmu buhu, titi buhu, har a mafarki buhu nake gani. Sai kuma in kunna gem don in huta, in tarar da buhu yana kallona? Ni abin da babu a Kura nake son gani.”

Maganarsa tana da tushe. Sai daga baya, ina zaune a rumfar gadi, na gane cewa abin da ya kore shi shi ne ya jawo ni. Duk kayan waje da ke shigowa garin nan, babu wanda ya san da zamanmu. Sai ga wani abu ya taso daga ƙasar da ba mu iya ko karanta rubutunta ba, ya bi ta Legas a motar tumatir, na buɗe na tarar da namu a ciki, an ba shi gurbi a tsakanin masu fuka-fukai. Na ji daɗin wannan har cikin raina. Kuma duk lokacin da aka yi wa Buhu dariya, sai in ji kamar da mu ake, mu masu ƙafa da laka.

Gardamar ta daɗe ba a raba ta ba saboda dalili ɗaya. Kafin na'ura biyu su kara, sai an haɗa su da wata igiya ta musamman, mu kuwa ba mu da ita. Sai a wannan kakar Muhammadu Sani ya samo mana ita a Legas. Nan take majalisa ta tsayar da Juma'ar bayan an gama yankan shinkafa, Buhu da Ɗan Gayu, gaba da gaba. Aka gindaya sharaɗi. In Ɗan Gayu ya faɗi, Abdulsamad zai miƙe tsaye a gaban kowa ya ce Buhu yana da kyau. In Buhu ya faɗi, zan sake shi daji da hannuna, wanda a wasan nan daidai yake da rabuwa ta har abada, kuma ba zan sake buɗe baki a kan munana ba. Malam Dattijo ya binciki sharaɗin, ya ce tunda babu abin da zai shiga aljihun kowa ba caca ba ce, rashin aikin yi ne kawai. Na amince, amma ina faɗa muku tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Na san Buhu, na san juriyarsa, sai dai na kuma ga abin da Ɗan Gayu ke yi wa abokan karawarsa.

Ana cikin wannan shiri ciwon ajali ya zo. Ranar rabon ruwanmu ce, na je ba dashen tumatir ruwa. Duk manomin nan ya san yadda ake tayar da bututun jan ruwa: ka nutsa shi a kanal, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka sunkuya ka yi ta ja har ruwa ya kama. Marigayiya tana aljihun gaba, domin kwanakin nan ko ina da ita nake zuwa, ina ƙara wa Buhu horo. Ina sunkuyawa na ji “culum”. Na faɗa ruwan da kayana, na laluba laka har na cafko ta. Na danna maɓalli. Ta ce “tirin”, ba ta iya ƙarasa “tin” ɗin ba. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe a duniya.

Na garzaya shagon Abdulsamad jiƙe sharkaf. In faɗi gaskiya, mutumin ya nuna halin girma, bai yi dariya ba sai da na juya baya. Ya ce in cire batir maza, kada in sake kunna ta, in binne ta cikin shinkafa ta kwana biyu, shinkafa za ta zuƙe ruwan, haka masu waya ke yi in ta faɗa musu a rijiya. Na cire batir. Kaset ɗin kuwa na bar shi a jikinta, don ban ga dalilin raba uwa da 'ya'yanta a lokacin jinya ba.

A nan ne kuskuren ya shigo, kuma irin namu ne na mutanen Kura. Abdulsamad yana nufin 'yar shinkafar dafawa a kwano. Ni kuwa ɗan gidan shinkafa ne, in aka ce shinkafa ba na ganin kwano. Na ce in mudu ɗaya zai yi magani, ai buhu guda asibiti ne. Na shiga zaurenmu, inda aka jera buhunan shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, na kwance bakin ɗaya, na tura marigayiya har iyakar hannuna, na ɗaure. Ban gaya wa kowa ba, don kada a tono ta a dame ta da kunnawa.

Buhunan nan na Goggo Saude ne, ƙanwar babanmu, wadda sana'arta ita ce turara shinkafa kafin a kai inji. Goggo ba ta kwana da aiki. Washegari ina gona aka juye buhunan a duro, aka jiƙa su da ruwan zafi. Kashegari aka ɗora a wuta aka turara har tururi ya rufe tsakar gida. Ni kuwa ina wucewa ta zaure ina ganin buhuna a jere, ban san sababbi ne aka kawo ba, har ina yi musu sannu a zuciyata. Sai da aka baza shinkafar a shanya, Goggo tana ja da manjagara, sannan manjagara ta kamo gawa.

A kan faifai ta kawo mini ita. Marigayiya ta kumbura, ta lanƙwashe, gilashinta ya yi baƙi ƙirin, ƙwayoyin shanshera sun cusa kai ta kowace kafa. Goggo ta ce, “Kai ɗan nan, wane irin mutum ne ke ajiya a buhun mai turare? Na ji abu yana ƙwas-ƙwas a duro, na ce dutse ne, dama shanshera ba ta rabuwa da dutse.” Iyalan marigayiya suna amfani da wannan dama su sanar cewa ba su riƙi Goggo da komai ba. Goggo kuma ta ce a rubuta cewa ita ya kamata a ba haƙuri, don da shinkafarta ta ɗauki warin roba, da ni za a juye a duro na gaba.

Na san uwa ta tafi. Abin da ya hana ni zama shi ne Buhu, wanda aka jiƙa shi, aka dafa shi, aka turara shi, aka shanya shi a cikinta. Na ɗauki faifan kamar yadda yake na nufi shagon Abdulsamad. Ya ture wayoyin mutane gefe, ya ɗauko sukundireba da reza, ya yi wa gawar tiyata har ya zaro kaset ɗin. Takardar jikinsa ta saɓule, robarsa ta ɗan kumbura. Ya goge haƙoran ƙarfen kaset ɗin da tsohon buroshi, ya busar da shi a iskar janareto, sannan ya zare kaset ɗinsa na Ɗan Gayu daga Shuɗiya ya ajiye a tebur. Nawa ya ƙi shiga. Ya karkata shi, ya hura, daga ƙarshe ya sa tafin hannu ya danna da ƙarfi, ya shige.

Kafin nan 'yan majalisa sun cika bakin shagon. Abdulsamad ya danna maɓalli. Shuɗiya ta ce “tirin-tin”, da muryar 'yar uwarta sak. Ya shiga garke, ya zaɓi na farko, ya kira shi fage.

“Buf.”

Yana nan. Ido ɗaya sama, ɗaya ƙasa, baki a gefe, ko gezau. Tiyo yana nan da fushinsa, Ƙwarya tana nan, Silifa bai rasa haƙori ko ɗaya ba. Na yi hawaye a gaban mutane, kuma ba na jin kunyar faɗa. Babu wanda ya yi dariya, har mai sakin “buf” da baki ya sunkuyar da kai.

Murnar ba ta daɗe ba. Abdulsamad ya kashe na'urar ya ja kaset ɗin, ya ƙi fita. Ya sa farce, ya ƙi. Na karɓa na gwada, ya ƙi. Robar da ta kumbura ta cije a cikin Shuɗiya. Wani ya miƙo filaya. Abdulsamad ya auna ta a bakin ramin kaset ɗin, ya ɗago ya dube ni, ya ce filaya za ta fitar da shi, amma gutsu-gutsu zai fito, kuma babu abin da zai rage a ciki. Kowa ya ga inda maganar ta tsaya. Na'ura ɗaya ce ta rage a duk yankin nan, rami ɗaya gare ta. Ko Buhu ya mutu Ɗan Gayu ya koma gidansa, ko Buhu ya rayu Ɗan Gayu ya zauna a waje.

Na ce, “Abdulsamad, na'urarka ce. Taimakona ka yi. Ba zan ce ka rabu da garkenka saboda ni ba.” Na faɗa ne don ita ce gaskiya. Ya juya filayar a hannu, ya ajiye, ya ce yanzu yana da masu jiran caji, in dawo bayan la'asar a yi ta ta ƙare. Na tafi gona, na tsaya a bakin kunya, ban tsinana komai ba.

Da na dawo na tarar da mutane tsaye da wayoyinsu a hannu, babu wadda aka jona. Abdulsamad yana kan benci, ya dunƙule a kan Shuɗiya, harshe a waje. Bai ko amsa sallamata ba sai da ya gama abin da yake yi.

Ya ce, “Wai wannan abin naka ba ya faɗuwa ne? Cewa na yi bari in ga yadda ake kayar da shi sau ɗaya kafin in sa filaya, ko na huce. An watsa masa wuta, an watsa masa ruwa, an jefe shi da dutse, yana nan tsaye yana kallona da karkataccen ido har abokin karawar ya gaji ya zube.”

Na ce, “Ai na gaya maka.”

Ya ce, “Ba ka gaya mini ba, surutu ka yi ta yi.” Ya miƙa hannu ya ɗauki kaset ɗin Ɗan Gayu daga tebur, ya goge shi da bakin riga, ya jawo durowa ya sa shi ciki, ya ɗora filayar a gefensa, ya rufe. “Kada ka yi zaton zan miƙe in ce yana da kyau. Mummuna ne, har gobe mummuna ne. Amma abin da Goggo Saude ta dafa ta turara bai mutu ba, ba ni zan kashe shi da filaya ba.”

Na buɗe baki in yi godiya, ya ɗaga mini hannu ba tare da ya ɗago kai ba, wai in matsa ina tare masa haske.

Saboda haka, ga yadda aka tsara jana'iza. Za a binne marigayiya ranar Juma'ar nan da aka tsayar don karon, bayan an sauko daga masallaci, a gefen gonar tumatir ɗina, can saman tudu inda ruwa ba ya kaiwa, domin ta ga ruwa ya ishe ta. Malam Dattijo ya yanke cewa ba a yi wa roba wanka ko sallah, kuma ya ce duk wanda ya ga an jera sahu a kanta ya zo ya gaya masa. Za a naɗe ta da tsohuwar hulata. Hammadu ya yi alkawarin janye shanunsa daga wajen har ƙasa ta kwanta.

Za a zauna karɓar gaisuwa a bencin majalisa. Abincin sadaka kuwa daga shinkafar da aka dafa marigayiya a ciki za a yi shi. An kai ta inji, ta fito fara tas, Goggo ta ɗanɗana ta ce babu abin da ya same ta, wanda ke da ƙyanƙyami ya zo a ƙoshe. Masu niyyar kawo gudummawa kada su wahalar da kansu da goro, batir biyu sun wadatar, a miƙa su hannun Abdulsamad, wanda riƙon marayu ya koma hannunsa.

Masu tambaya wa ya ci karon, ba a yi ba, kuma ba za a yi ba. Wanda ke son gaisawa da Ɗan Gayu ya nemi izini a jawo masa durowa. Wanda ke son ganin Buhu kuwa ya zo shagon bayan la'asar, ya bi layi, kada ya yi gaggawa, domin mai riƙon ba ya sakin na'urar da wuri. In kun zo za ku same ni a can, ni ma layin nake bi.